Ƙofar karatun hoton cikin jiki: sharuɗɗan shiga da dalilansu

Kowace shekara, da zarar an bayyana sakamakon jarrabawar bakaloreya cikin damina, sai gidaje da yawa a Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa su shiga shawara guda: ina yaro zai nufa? Wanda ya ci bak ta fannin kimiyya, kusan kullum amsar iyaye ɗaya ce, wato ya zama likita. Wannan ba abin zargi ba ne, domin farar rigar likita tana da kwarjini a idon kowa. Amma ba likita kaɗai ke riƙe da asibiti ba. Akwai wani ma'aikaci wanda marar lahiya ke haɗuwa da shi na ƴan mintoci cikin ɗaki mai ƙofa mai nauyi, bai san sunansa ba, bai kuma san irin karatun da ya yi ba, alhali sau da yawa hukuncin da likita zai yanke yana rataye ne a kan aikin hannunsa. Shi ne mai ɗaukar hoton cikin jiki, wanda jama'a ke kira «mai radiyo».

Wannan aiki ya zama fannin karatu mai zaman kansa a jami'o'in ƙasashe da dama, ƙofar shigarsa kuwa ba ta da faɗi. Ɗalibai da yawa suna isowa bakinta ba tare da sun san abin da ake nema ba, su koma da ɓacin rai suna cewa an yi musu rowa. Saboda haka ya dace a dubi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, a ga dalilin kowanne, domin iyaye su san inda za su zuba dukiyarsu, ɗalibai su san shirin da ya kamace su, magabata kuma su san inda gyara yake.

MA'AIKATA BIYU, HOTO GUDA

Da farko sai a raba abubuwa biyu da jama'a ke cakuɗawa. Akwai likitan hoto, wanda ya gama karatun likita dukansa sannan ya ƙara wasu shekaru na ƙwarewa. Aikinsa shi ne ya karanta hoton ya faɗi cutar da ya gani. Akwai kuma mai ɗaukar hoton, wanda shi ne ke karɓar marar lahiya, ya tabbatar da sunansa da abin da likita ya nema, ya tsayar da shi ko ya kwantar da shi yadda ya dace, ya zaɓi ƙarfin hasken da za a saki da tsawon lokacinsa, ya duba ko hoton ya yi kyau ko bai yi ba. Idan hoton ya karkace, ko ya yi duhu, ko an ɗauki ƙafar hagu a maimakon ta dama, to komai gwanintar likita ba abin da zai iya gani. A nan maganar karatun wannan ma'aikaci na biyu ake yi.

Aikinsa kuma ya daɗe da wuce hoton ƙashi da na ƙirji. Tun 1971, sa'ad da aka gwada na'urar sikana ta injiniya Godfrey Hounsfield a kan marar lahiya na farko a birnin Landan, ɗakin hoto ya cika da kwamfuta. Yanzu akwai sikana mai yanka jiki faifai-faifai da haske, akwai na'urar maganaɗisu da ake kira IRM, akwai hoton nono na neman ciwon daji, akwai kuma eko mai aiki da amon sauti. Kowace na'ura da dokokinta da haɗarinta. Ɗakin IRM, alal misali, ba hasken X a cikinsa, amma maganaɗisunsa yana iya fizge almakashi ko tukunyar iskar numfashi daga hannun mutum ya jefa ta kan wanda ke kwance.

HASKEN DA IDO BA YA GANI

Sharaɗi na farko a ko'ina shi ne sanin fizik da lissafi, dalilinsa kuwa yana cikin tarihin aikin. Ran 8 ga Nuwamba 1895 ne Wilhelm Röntgen ya gano hasken X a garin Würzburg na Jamus, bayan ƴan makonni ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwa da zobe suka fito sarai. Duniya ta ɗauki abin da zumuɗi, kowa ya shiga gwaji ba tare da kariya ba. Ba a daɗe ba aka fara ganin hannuwa suna ƙonewa, yatsu suna lalacewa. Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison a Amurka, ya rasa hannuwansa sannan ya rasu a 1904. A 1936 aka kafa dutsen tunawa a harabar wani asibiti na Hamburg, ɗauke da sunayen mutane sama da 150 daga ƙasashe daban-daban waɗanda wannan haske ya kashe a bakin aiki.

Daga irin wannan hasara aka koyi aunawa. Ana auna abin da jiki ya sha da ma'aunin da ake kira milisibat. Kowane ɗan Adam yana shan kimanin milisibat 2,4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama, ba tare da ya shiga asibiti ba. Hoton ƙirji guda bai cika wuce 0,1 ba. Amma sikanar ciki tana iya kaiwa 8 zuwa 10, wato kwatankwacin hoton ƙirji ɗari, ko abin da mutum zai sha cikin shekara uku ko huɗu na zaman duniya. Ƙa'idar duniya ta kayyade wa ma'aikaci milisibat 20 a shekara, idan an daidaita a kan shekara biyar. Ga marar lahiya kuwa ba a sa iyaka ba, sai dai dokoki biyu: kada a ɗauki hoton da ba shi da dalili, in kuma za a ɗauka a yi shi da mafi ƙarancin hasken da zai wadatar. To, wa ke riƙe da wannan doka ta biyu? Mai ɗaukar hoto ne. Shi zai san cewa jariri ba a ba shi awon babba, cewa mace sai an tambaye ta ko tana da ciki, cewa kowane hoto da aka maimaita saboda kuskure ninki ne aka yi wa jikin bawan Allah. Wanda bai fahimci yadda haske ke raguwa da nisa ba, ko yadda darma ke tare shi, ba zai iya kare kowa ba, har da kansa.

A farkon zamani horon gajere ne. Lokacin yaƙin duniya na farko, Marie Curie ta shirya motocin hoto kimanin 20 domin sojojin Faransa, ta kuma horar da mata wajen 150 cikin kwas na ƴan makonni. Wannan ya wadatar a lokacin, domin abin da ake nema shi ne harsashi da karaya. Amma yayin da na'urori suka yawaita, makonni suka zama watanni, watanni suka zama shekaru, har aikin ya shiga jami'a.

ƘOFAR NAJERIYA

Ga ɗalibin kudancin Nijar, ƙofar waje mafi kusa ita ce ta Najeriya. Jami'ar Bayero ta Kano, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Maiduguri duk suna koyar da wannan fanni, baicin tsofaffin wuraren kudu irin su Kalaba da Inugu, inda digirin ya fara a farkon shekarun 1980. Daga Maradi ko Damagaram zuwa Kano, ko daga Ƙonni zuwa Sakkwato, tahiyar ba ta kai yini ba. Amma kusancin hanya bai sa ƙofa ta yi faɗi ba.

Matakin farko shi ne takardar gama sakandare ta WAEC ko NECO, da cin darussa biyar da kyakkyawan maki: Ingilishi, lissafi, fizik, shimi da ilimin halittu. Rashin ɗaya daga cikinsu yana rufe maganar. Mataki na biyu shi ne jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Ana yin ta a kan kwamfuta, darussa huɗu, maki 400: Ingilishi, fizik, shimi da ilimin halittu. Domin a gane tsananin takarar, a 2025 ɗalibai kusan miliyan 2 suka zauna mata, sakamakon farko kuma ya nuna fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba. A wannan shekarar ma hukumar ta amsa cewa an sami kuskuren na'ura a wasu cibiyoyi, aka sake jarrabawa ga ɗalibai kusan 380 000. Mataki na uku shi ne tantancewar da kowace jami'a ke yi da kanta, inda fannonin kiwon lahiya ke cikin masu neman maki mafi yawa.

Bayan maki akwai rabon gurabe. Ƙa'idar jami'o'in gwamnatin tarayya ita ce kashi 45 cikin 100 ga waɗanda suka fi maki ko daga ina suke, kashi 35 ga ƴan yankin da jami'ar take, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya wajen ilimin zamani. An daɗe ana gardama a kan wannan tsari: wasu na cewa yana danne mai ƙoƙari, wasu na cewa in ba shi ba da yankuna sukutum sun rasa ma'aikatansu. Ko ma wace magana ta rinjaya, tsarin ya amsa wata gaskiya, wato wanda ya taso a wuri shi ya fi zama ya yi aiki a wurin.

Karatun shekara biyar ne. Bayansa akwai shekara guda ta gwajin aiki a asibiti ƙarƙashin manya, sannan rajista da hukumar RRBN, wadda dokar soja mai lamba 42 ta 1987 ta kafa domin kula da wannan sana'a. Hukumar ce ke amincewa da kowane sashen karatu, ita ke kayyade yawan ɗaliban da zai ɗauka. Ɗalibin da ya fito daga sashen da ba ta amince da shi ba, takardarsa ba za ta ba shi ikon taɓa na'ura ba. Mai riƙe da bak ta Nijar kuwa yana da ƙarin hawa biyu: sai an auna takardarsa an daidaita ta da tasu, sai kuma ya nuna Ingilishin da zai ɗauki darasin ƙasusuwa da jijiyoyi da shi. Hausar da za ta kai shi kasuwar Kurmi ba za ta zauna masa jarrabawa ba.

ƘOFAR INGILA

A Ingila digirin shekara uku ne, huɗu a Sikotilan, kuma an raba shi gida biyu tun daga ranar shiga: mai ɗaukar hoto domin gano cuta daban, mai gasa ciwon daji da haske daban. Ana nema ta hannun ofishi guda, UCAS, inda ɗalibi ke da zaɓi har biyar. Jami'o'i da yawa suna neman darussa uku na babban matakin sakandare da maki wajen B, ɗaya aƙalla na kimiyya, tare da cin Ingilishi da lissafi da kimiyya a ƙaramin mataki.

Abin lura a tsarinsu shi ne maki ba ya isa shi kaɗai. Ana kiran ɗalibi hira ta baka, a ga ko ya san abin da aikin ya ƙunsa, ko yana da haƙuri da ladabin magana. Jami'o'i da dama suna so ya riga ya ziyarci sashen hoto na wani asibiti ya gani da idonsa, domin gani ya kori ji: wanda ke zaton aikin danna maɓalli ne cikin ɗaki mai sanyi, gara ya ga mai karaya yana kururuwa da tsakar dare tun bai sa hannu ba. Ana bincika ko yana da tarihin laifi, tun da za a bar shi da yara da tsofaffi da mata a ɗaki rufe. Ana duba lahiyarsa da allurar rigakafinsa. Kusan rabin lokacin karatu a asibiti ake yin sa. A ƙarshe sai rajista da hukumar HCPC, domin sunan wannan sana'a doka ta kare shi, wanda ya kira kansa da shi ba rajista ya yi laifi. Baƙon da Ingilishi ba harshensa ba ne, hukumar tana neman maki 7 a jarrabawar IELTS, kada kuma wani sashe ya gaza 6,5.

Ingila ta kuma ba da darasi a kan kuɗi. A 2017 gwamnati ta soke tallafin da take ba ɗaliban jinya da makamantansu, ta mai da su ga bashi. Masu neman shiga suka ragu, musamman manya masu iyali. A 2020 aka dawo da tallafin fam 5 000 a shekara, da ƙarin fam 1 000 ga fannonin da ake ƙarancin ma'aikata, har da na hoto. Wannan tallafi na ƴan gida ne. Baƙo yana biyan kuɗin makaranta mai tsada ƙwarai. Amma darasin ya shafi kowa: ƙofa ba da maki kaɗai ake rufe ta ba, aljihu ma yana rufewa.

ƘOFAR FARANSA DA MAƘWABTA

A Faransa hanyoyi biyu ne masu kaiwa wuri guda: difloma ta ƙasa, wadda ake yi a makarantun da ke jingine da manyan asibitoci, da diflomar DTS, wadda ake yi a wasu lise. Duk shekara uku ne bayan bak, duk suna da darajar lisans. Ana nema ta dandalin Parcoursup, wanda aka buɗe a 2018, ana kuma duba takardun ɗalibi na shekarun ƙarshen lise, musamman makinsa na kimiyya, maimakon a rataya komai a kan gasar yini ɗaya. Bambancinsu da Ingila shi ne ba su raba aikin ba: wanda ya fito yana iya aiki a ɗakin hoto, ko ɗakin gashin ciwon daji, ko sashen magani da sinadarin nukiliya. Duk da arzikin ƙasar, rahoton da masu binciken gwamnati suka fitar a 2021 ya nuna ma'aikatan ba su isa ba. Ga ɗalibin Nijar kuwa wannan hanya ta ƙara nisa, tun da Faransa ta dakatar da ba da biza a 2023, ta kuma rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairu 2024.

Wannan ya ƙara wa makarantun nahiyar muhimmanci. A Benin, makarantar fasaha ta EPAC da ke Jami'ar Abomey-Calavi tana da sashe na musamman na hoton cikin jiki, cikin harshen Faransanci. Wanda zai nufi irin waɗannan wurare sai ya tuna da majalisar CAMES, wadda shugabannin ƙasashe suka yanke shawarar kafawa a nan Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu, wadda ke duba daidaiton takardun manyan makarantu tsakanin ƙasashen da ke cikinta.

ABIN DA ƘOFOFIN SUKA HAƊU A KANSA

Idan aka jera tsarin ƙasashen nan uku, za a ga sun sha bamban a shekaru da hanyar zaɓe, amma sun haɗu a kan abubuwa uku. Na farko, kimiyya tun daga sakandare. Na biyu, hukuma mai zaman kanta daga makaranta, wadda ke cewa wannan ya isa ya taɓa mutane, wannan bai isa ba. Na uku, wanda jama'a ba su cika lura da shi ba, shi ne yawan gurabe yana bin yawan na'urori da yawan manyan da za su tsaya a kan ɗalibi. Darasin tarihi ana iya karanta shi ga mutum ɗari biyar cikin zaure guda. Amma kwantar da mai karayar ƙugu a kan tebur ba a koyonsa a allo. Na'ura guda ba ta ɗaukar ɗalibai fiye da ƴan kaɗan a yini. Saboda haka ƙuncin ƙofar ba rowa ba ne. Makarantar da ke ɗaukar kowa da kowa, ba tambayar maki, ba asibitin gwaji, ba alheri ta yi wa iyaye ba. Takarda ta sayar musu.

Sai dai ƙunci iri biyu ne, kuma wajibi ne a bambanta su. Akwai ƙuncin da aikin ya jawo, wanda dole a kiyaye shi. Akwai kuma ƙuncin da rashin adalci ya jawo, wanda dole a kawar da shi. A Nijar hanya tana rabuwa tun bayan jarrabawar BEPC, sa'ad da yaro ɗan shekara goma sha biyar ko sha shida zai nufi fannin adabi ko na kimiyya, daga baya ya zama ɗan C ko ɗan D. Yaron ƙauye wanda lise ɗinsu ba ta da ɗakin gwaji, ko malamin fizik bai zo ba sai tsakiyar shekara, an riga an rufe masa ƙofar shekara uku kahin ya ji sunanta. Haka yarinyar da aka cire daga lakwal, ko aka ce mata lissafi ba na mata ba ne. Alhali wannan aiki yana matuƙar bukatar mata. Mace da yawa za ta gwammace ta zauna da ƙullutu a nono da ta buɗe ƙirjinta gaban namiji baƙo. Ko a Ingila ma aikin binciken nono na hukuma ya daɗe a hannun mata kaɗai. Duk yarinyar da ta faɗi daga ajin kimiyya, wata mace ce can gaba ba za ta zo asibiti da wuri ba.

Akwai kuma matsalar niyya. Da yawa suna shiga fannin ne don sun rasa gurbin likita, suna zaune suna leƙen wata ƙofar. Hirar baka da ziyarar asibiti da Ingila ke nema maganin wannan ne, kuma ba su cin kuɗi. Yini guda a ɗakin hoto na asibitin jiha ya isa ya nuna wa ɗan lise ko zuciyarsa za ta ɗauka.

NA'URA DA HANNU

Nijar ba baƙuwa ba ce ga wannan ilimi. Tun 1971 ake haƙo yuraniyom a Arlit. Jami'ar Yamai tana ɗauke da sunan Abdu Mumuni, masanin fizik wanda ya yi suna a binciken hasken rana, kuma a cikinta akwai cibiyar binciken sinadaran nukiliya. A 2016 aka ƙaddamar da babban asibitin ƙwararru na Yamai mai gado 500, a shekarar kuma aka yi dokar kafa hukumar ARSN mai sa ido kan tsaron nukiliya. A 2021 aka buɗe sashen gashin ciwon daji na farko a ƙasar, da taimakon hukumar nukiliya ta duniya. Jami'o'in Maradi da Damagaram suna da sassan kiwon lahiya. Ga tarin huka wanda hoton ƙirji ke taimakawa wajen gano shi, ga haɗarin mota da babur a kan manyan hanyoyi, ga masu karaya da ke nufar maɗori don hoton ya yi nisa ko ya yi tsada. Bukata dai ba a ɓoye take ba.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne bambancin lokaci. Na'ura ana iya yin odarta a kawo ta a kafa cikin watanni. Hannun da zai sarrafa ta yana cin shekara uku zuwa shida bayan bak, in kuma an ƙidaya daga ajin da yaro ya zaɓi kimiyya, sai a ƙara uku. Ba a fafe gora ranar tahiya. Ƙasar da ta sayi na'ura ba ta ɗauki ɗalibai ba, kamar wanda ya sayi ingarma ne ba mahayi a gidan. Ya dace a ce duk takardar sayen sikana tana tahiya tare da takardar guraben karatu da tallafinsu, da alkawarin cewa wanda ƙasa ta ɗauki nauyinsa zai yi wasu shekaru a asibitocin jihohi. Ya dace kuma a ware wa ƴan jihohi masu nisa da ƴan mata nasu rabo, tare da ajin share fage na fizik da lissafi, domin a ɗaga ɗalibi zuwa ga sharaɗi maimakon a sauke sharaɗi zuwa gare shi. Ga ƙasa mai ƙarancin ma'aikata, tsarin da ke horar da mutum guda ga hoto da gashi da nukiliya ya fi dacewa da wanda ke raba su tun farko. Haka nan a bar ƙaramar ƙofa ga ma'aikatan jinya da suka daɗe a bakin aiki, waɗanda suka san marar lahiya, su shiga ta gasa.

Wasu na cewa kwamfuta za ta maye gurbin mutane, tun da a 2021 Hukumar Lahiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajar karanta hoton ƙirji wajen tace masu tarin huka daga shekara 15 zuwa sama. Amma manhaja karatu take yi, ba ɗauka ba. Ba ta tsayar da tsoho mai rawar jiki, ba ta lallashin yaro. Hasali ma, inda likitan hoto ya yi ƙaranci kwamfuta ke taimakawa, a nan ne darajar mai ɗaukar hoto ke ƙaruwa.

Akwai kuma sharaɗi guda da ba ya cikin takardar kowace jami'a, wato harshe. Hoton ƙirji ba ya kyau sai an ce wa mutum ya ja numfashi ya riƙe, ya kuma gane a daidai lokacin. Tambayar ko mace tana da ciki tana bukatar lafazin da ba zai kunyata ta gaban mijinta ko surukarta ba. Wannan da Hausa ake yin sa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Barbarci, da Buzanci. Abdu Mumuni kansa, cikin littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka, ya yi kira da a ba harsunan gida matsayinsu a makaranta. Kwamitin zaɓen ɗalibai da ya ƙidaya harsunan ƙasa cikin abin da yake aunawa bai ɓata lokacinsa ba.

TAMBAYOYI HUƊU KAHIN A BIYA

Ga magidancin da zai sayar da hatsi ko bisa domin karatun ɗansa, a gida ne ko a waje, makarantar gwamnati ce ko mai zaman kanta, akwai tambayoyi huɗu da ya kamata ya sami amsarsu a rubuce. Wace hukuma ce ta amince da wannan fanni a wannan makaranta, ba makarantar a dunƙule ba? A wane asibiti ɗalibai ke gwajin aiki, su nawa kuma a kan na'ura guda? Ana ba ɗalibi ɗan ma'aunin nan da ake maƙalawa a ƙirji mai ƙidaya hasken da ya sha? Takardar da zai fito da ita, ma'aikatar kiwon lahiya za ta ɗauke shi aiki da ita? Makarantar ƙwarai ba ta jin haushin waɗannan tambayoyi. Wadda ta soma kame-kame kuwa ta riga ta ba da amsa.

Ɗan lise kuma mai sha'awar wannan aiki, shirinsa ba ranar fitar sakamako yake farawa ba; yana farawa ne a ajin fizik na bana, da littafin Ingilishin da ya ajiye ƙarƙashin katifa. Ran 8 ga Nuwamba ta kowace shekara masu wannan sana'a ke bikin ranarsu a duniya. Da shugabannin lise da na asibitocin jihohi za su haɗa kai su buɗe wa ɗalibai ƙofar ɗakin hoto a wannan rana, da an sami yara da yawa, maza da mata, waɗanda za su zaɓi aikin da saninsu, ba don wata ƙofa ta rufe ba. Allah ya ba masu jinya lahiya, ya kuma yi wa masu neman ilimi jagora.